Sadaka Ba Shara Ba Ce: Mu Gyara Abin Da Muke Zubawa A Buhun Tallafi



Ga Kirsimeti a ƙofa, ga azumi na tafe. Lokaci ne da ƙungiyoyi, masallatai da coci-coci ke tara abinci domin marayu, zawarawa da waɗanda rikici ya raba da gidajensu a Mangu, Bokkos da Barikin Ladi. Aikin alheri ne, Allah ya saka wa masu yi. Amma akwai maganar da ake ta kauce mata, yau sai an faɗe ta: wasunmu ba sadaka suke kawowa ba, shara suke kwasowa daga sito.

Kowa ya taɓa tsayawa wurin karɓar kaya ya san abin da ake nufi. Wake da ƙwari suka huda har ya zama gari. Masara mai fumfuna. Tumatirin gwangwani da ya kumbura. Madarar da saura kwana biyu wa'adinta ya cika. In ka yi magana, a ce maka da babu gara ba daɗi. To, wannan karin maganar ba ta shafi guba ba. Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna suna ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Gwangwanin da ya kumbura alama ce abin cikinsa ya ɓaci. Kai da ba za ka ba ɗanka ba, don me za ka ba maraya?

Akwai kuma masu sadakar hoto. Katan-katan na lemon kwalba, biskit da taliyar yara, a jera su a ɗauki hoto a sa a Facebook. Sun yi kyau a ido, amma kwana nawa za su yi a gidan mutum takwas? Kuɗin da aka zuba a lemo zai sayi mudun masara ko dawa da za a tuƙa tuwo a ci a ƙoshi.

Wasu niyyarsu mai kyau ce, lissafi ne ya kuɓuce. Allah ya albarkaci Filato da dankalin turawa, kabeji, karas da tumatir, kasuwar Farin Gada shaida ce. Amma kayan gwari ba na ajiya ba ne. In ba a ranar za a raba ba, a bar su. Kafin a gama tattarawa a kai inda za a kai, rabi ya ruɓe.

To me ya kamata a kawo? Abin da gida ya saba ci, mai jure ajiya: masara, dawa, gero, shinkafa, wake mai kyau, garin kwaki. A haɗa da abin miya, domin tuwo ba ya tafiya shi kaɗai: manja ko man gyaɗa, gishiri, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono. A tuna da masu ciwon suga da tsofaffi, a sa musu acca, abincin ƙasarmu ne kuma ba ta daɗewa a wuta. Wanda ya je Katako sayen hatsi ya sa hannu cikin buhu, ya duba, ya shinshina kamar na gidansa zai saya. Abin da ke cikin leda ko gwangwani a karanta ranar ƙarewarsa da lambar NAFDAC.

Kada a manta da wuta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, har gawayi da kuɗin niƙa. Matar da ka ba wake da tsabar masara, ba ta da na itace ba ta da na inji, ka ba ta aiki ne, ba abinci ba. A saka ɗan kuɗin niƙa da gawayi a lissafi, balle a sanyin Jos na Disamba.

Sai yadda ake rabon. A Disambar 2024 yara 35 sun mutu a turmutsitsi a Ibadan, kwanaki kaɗan bayan haka mutane suka sake mutuwa wurin rabon abinci a Maitama da ke Abuja da Okija a jihar Anambra. Wannan ya ishe mu izina. Tara mabuƙata a fili su yi layi a rana ba taimako ba ne, tozarci ne da ganganci. Masu unguwa, limamai da fastoci sun san gidajen da ba a ɗora tukunya a Rikkos, Gangare, Unguwar Rogo da Tudun Wada. A rubuta sunaye, a kai musu har gida cikin sirri, ba kyamara.

Masu cewa mabuƙaci ba ya zaɓe, gaskiya ne, ba shi da halin zaɓe. Shi ya sa nauyin zaɓen ya dawo kanmu. Mudu biyu na hatsi mai kyau ya fi buhun da za a zubar. A wurin karɓar kaya kuma, kada kunya ta hana a mayar wa mutum ruɓaɓɓen kayansa, ko shi wane ne.

Allah ya karɓi ayyukanmu, ya zaunar da Filato lafiya.

Sakataren Ƙungiya