LANHON TALAKA DA LANHON KAMFANI

Ya ku 'yan'uwa na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, maganar lanho muke tafe da ita.

Kowa ya san mai tallan ƙosai. Kafin ta yi cinikin dala, mai tikiti ya tsaya bisa kanta. Tela da mahauci suna biyan patanti, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ba su da lauya, ba su da akawu.

To, mu duba Arlit. Kamfanin Somair ya fara fitar da yuraniyom a 1971, Cominak kuwa a 1978, kuma a da Areva ta Faransa ce mai babban rabo cikinsu. A 2010 yuraniyom ya fi kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ta sayar waje, amma bai kai kashi 6 na arzikin ƙasa ba. Ina sauran ya bi?

Ga hanyar. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce harajin tono zai iya hawa daga kashi 5.5 zuwa 12, gwargwadon riba. Areva ta ce tsohuwar yarjejeniyarta ta kare ta, tare da rangwamen duwan da na man fetur. Sai a watan Mayu na 2014, bayan dogon ja-in-ja da zanga-zanga, ta amince da dokar. Amma nan wayon yake. Haraji yana bin riba, riba tana bin farashi, babban mai saye kuwa a lokacin shi ne uwar kamfanin mai tonon. Wanda ya sayar wa kansa hatsi, shi ke yanka kuɗin tiya. Idan farashi ya sauka a takarda, riba ta tsere Faransa, baitulmalinmu ya tashi da ƙura.

Za su ce ba su taka doka ba. Mun ji. Sikelin kantunan Turawa na zamanin gyaɗa ma da takardarsa, amma iyayenmu sun san abin da ya ci musu.

Kada kuma mu tsaya ga baƙo kaɗai. Akwai ɗan ƙasa, babban attajiri, da ke shigo da tirela goma ya rubuta uku a duwan, gobe ya raba shinkafa a ce masa mai alheri. Kuɗin likita da lakwal ne yake yin sadaka da su.

Tun watan Yuni na 2025 Somair ta koma hannun gwamnati. Tsarin mulkin 2010, a aya ta 150, ya ce a buga kowace yarjejeniyar ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya. An jingine wannan tsarin a 2023, amma mu ba mu jingine buƙatar ba. Kowane reshe ya rubuto ya nemi a buga lissafin: tan nawa aka tono, wa ya saya, nawa ya biya. Idan ya fito, sakataren reshe ya karanta wa jama'a ran kasuwa.