Zauren Masu Karatu: Da wane littafi za a fara?

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, an koma karatun manya a garuruwa. Waɗanda suka gama bara suna da tambaya guda: yanzu da aka iya haɗa baƙaƙe, wane littafi za a karanta? Tambayar ba ta wasa ba ce. Hauyar da aka jingine tsatsa take yi, haka karatu yake. Akwai wanda ya sha wahala rani guda gaban allo, sannan ya zauna bai ƙara taɓa takarda ba. Da shekara ta kewayo, sai ga shi yana neman mai karanta masa wasiƙar ɗansa, asirin gidansa ya shiga kunnen wani.

Masu karatu sun aiko da ra'ayinsu, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Wani manomi daga ƙasar Maraɗi ya ce a fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. An buga shi a 1934, bayan wata gasa da aka shirya a Zariya a 1933. Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Duk inda ya sauka sai ya gamu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wannan ya yi wa wancan wayo, wancan ya rama. Dalilin manomin shi ne dariya: mai dariya ba ya jin nauyin baƙaƙe, kafin ya ankara ya cinye shafi uku.

Wani dattijo daga Damagaram bai yarda ba. A ganinsa Ruwan Bagaja ya cika wasa da damfara, babba kuwa ya kamata ya karanta abin da zai sa shi tunani. Zaɓinsa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga waccan gasa. An sace Umar yana yaro, wani Balarabe ya tafi da shi ƙetaren hamada. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Dattijon ya tuna wa jama'a cewa ayarin Kano mai zuwa Tarabulus ta Damagaram yake bi a zamanin kakanni, don haka labarin ba na nesa ba ne.

Samarin da suka taɓa cin rani sun fi son Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. Saurayi ne ya raina gona, ya tafi birni neman arziki, ya faɗa cikin miyagun abokai. Sun ce duk mai ɗaure kaya bayan kaka ya karanta shi tukuna.

Wani makiyayi daga ƙasar Tawa ya yi ƙorafi cewa littattafan duk na sarakuna da mutanen gari ne. Wata mai karatu ta ba shi amsa da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda ya fito a 1980. Labarin Boɗaɗo ne, ƴar Fulani da ta ƙi zaɓin dangi, ta tsaya kan saurayin da ba na ƙabilarta ba. Wasu iyaye ba su son wannan littafi, suna tsoron ya koya wa ƴan mata taurin kai. Wasu kuma sun ce gara uba ya karanta, ya san abin da ke cikin zuciyar ƴarsa.

Matan da ke karatun manya sun ambaci Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. An fidda yarinya daga lakwal, aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Abin da ya fi ƙarfafa musu guiwa shi ne ita kanta marubuciyar an cire ta daga makaranta tana ƙarama, aka yi mata aure, daga baya ta shiga karatun manya. Wadda ta zauna inda suke zaune, ga shi ta rubuta littafi.

An kuma tambayi littafin ɗan ƙasa. Abdullahi Mamani ya rubuta Sarauniya a 1980, kan yaƙin da Sarauniyar Lugu ta yi da sojojin Faransa a 1899. Da Faransanci ya rubuta shi. Wanda ya iya Hausa kaɗai sai ya nemi ɗan lakwal ya karanta yana fassarawa.

To, wa ke da gaskiya? Kowa da tasa, amma tambayar ita ce ta farawa. Ba a ɗora wa ɗan maraƙi garma ranar farko. Sabon mai karatu yana bukatar labari gajere, wanda zai ƙare a zama ɗaya kafin ido ya gaji. A nan manomin Maraɗi ya fi kusa. Ruwan Bagaja a yanke yake gari gari. Haka ma Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, inda aku ke ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi barin fada. Wanda ya gama waɗannan, harshensa ya sake, sai ya kama Shaihu Umar da sauran. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai abu guda da ke tsorata sabon shiga. Littattafan nan a Najeriya aka buga su. Inda aka saba ganin ƴ, su suna rubuta y da ɗan wutsiya a gabanta. Inda bakin nan ke cewa hwari, za a ga fari. Tsofaffin littattafai suna lissafi da sule da fam, ba dala da jaka ba. Duk wannan bai kai a ajiye littafi ba. Kwana biyu ido ya saba.

Saura batun kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mutum biyar suka haɗa, kowa ya sayi littafi ɗaya, kowa zai karanta biyar. A saƙa wa mai zuwa Katsina ko Kano, a rubuta masa sunan littafi da na mawallafi don kada ya yi kuskure. A ajiye su cikin akwati saboda gara da ruwa, a rubuta sunan wanda ya ara. Bayan isha'i a taru, kowa ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, wanda ya yi tuntuɓe a ɗaga shi ba tare da dariya ba.

Wanda ya karanta ɗaya daga cikin littattafan nan, ya aiko da ra'ayinsa da rubutun hannunsa, ko da layi uku ne. Wata mai zuwa za a duba Jiki Magayi da Ganɗoki. Allah ya kai rai.