Kujerar Da Muke Bayarwa Kyauta

Wata ranar Asabar na halarci taron iyaye a wata makarantar firamare ta gwamnati a ɗaya daga cikin zangunanmu na Kumasi. Abu na ƙarshe a jerin abin da za a tattauna shi ne zaɓen wanda zai wakilci iyaye a kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SMC. Rana ta take, mutane sun gaji, azahar ta gabato. Sai wani dattijo ya miƙe ya ambaci sunan wani Alhaji, aka yi kabbara, aka ce an zaɓe shi. Ko minti biyar ba a yi ba. Wata baiwar Allah mai sayar da koko, wadda 'ya'yanta uku ke makarantar, ta ɗaga hannu ta ce: "To, Alhaji, me za ka yi mana?" Aka yi dariya, wani ya ce mata ai ba a yi wa babba irin wannan tambaya a bainar jama'a. Ta koma ta zauna.

Alhajin mutumin kirki ne, na san shi, kuma hannunsa a buɗe yake. Amma 'ya'yansa da jikokinsa duk a makarantar kuɗi suke. Ba a tambaye shi ra'ayinsa a kan komai ba, shi ma bai faɗa ba. Ni a wurina, a duk taron nan matar nan kaɗai ta fahimci abin da ya tara mu.

Mu mutanen zango ba baƙin siyasa ba ne. In Disamban zaɓe ta zo, tutoci sun rufe lunguna, samari sun kwana a kan babura, 'yan uwa sun daina gaisawa saboda jam'iyya. Amma ɗan majalisar da muke ɓata zumunci dominsa bai san ko malamin aji biyu ya zo aiki ranar Litinin ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Wanda ya kamata ya sani shi ne wannan wakili da muke naɗawa muna kallon agogo. A kwamitin yana zaune tare da shugaban makaranta, da wakilin malamai, da na sarki, da ɗan majalisar gunduma na unguwa. Tun 2005 gwamnati ke biyan makarantun firamare wani kuɗi gwargwadon yawan ɗalibai, kuma tsarin yadda za a kashe shi sai kwamitin ya amince. Kuɗin ba shi da yawa, sau da yawa kuma yana makara. Amma daidai saboda ƙanƙantarsa ne ake bukatar mai ido a kansa: ko a gyara ƙofar bayan gidan 'yan mata, ko a sayi fentin da zai burge baƙo.

Akwai tambaya ɗaya da nake ganin ba za a ƙara zaɓen kowa ba sai ya amsa ta a gaban jama'a: da wane harshe za a fara koya wa yaronmu karatu?

A watan Oktoba na 2025 ministan ilimi, Haruna Iddrisu, ya ba da umarnin a riƙa koyar da yara da harshen uwa, daga baya aka fayyace cewa daga ajin share fage ne zuwa aji uku na firamare. Manufar ba sabuwa ba ce, an sha ɗaukarta ana ajiyewa tun kafin a haifi da yawanmu. Kuma dalilinta mai ƙarfi ne: yaron da ya fara haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji ya fi saurin gane mene ne karatu, daga nan ya ɗauki wannan basira ya kai ta Turanci. Matsalarmu a wani wuri take. Harsunan da gwamnati ta amince da su a makarantu sun haɗa da Tonanci iri biyu, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Gonja, Dagbani, Dagaare da Kasem. Babu Hausa. Saboda haka yarinyar da ta tashi a Aboabo, wadda uwarta ke yi mata faɗa da Hausa, take wasa da Hausa, ake fassara mata karatun allo da Hausa, in ta shiga aji "harshen uwa" da za a ba ta Tonanci ne. Ɗan Nima kuwa harshen Ga. Yaro ɗan shekara shida ya wayi gari yana ɗauke da harsuna huɗu in an haɗa da Larabci, kuma wanda ya fi iyawa a cikinsu shi kaɗai ne ba shi da littafi a aji.

Abin mamaki, gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana karanta labarai da Hausa. In ana neman ƙuri'a, ko ana son a kai yara allurar rigakafi, an san harshen da za a yi mana magana da shi. A ƙofar aji ne kawai yake zama baƙo. Wannan kallon na "harshen baƙi" yana da tarihi, kuma waɗanda suka ga korar baƙi ta 1969 ba sa bukatar a tuna musu. Amma an yi rubutu da Hausa a ƙasar nan tun ba a san za a kira ta Gana ba. Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce da ajami waɗanda masana ke nazari har yau.

Na san abin da iyaye da yawa za su ce, domin na ji shi a bakin 'yan uwana. Hausa ai muna da ita a gida, Turanci muka kai yaro ya koyo, kuma da Turanci ake rubuta jarrabawar BECE. Wannan tsoro ne na gaskiya, ba na raina shi. Wasu kuma za su ce Tonanci alheri ne ga wanda zai ci kasuwa a Kejetiya, kuma sun yi gaskiya. Akwai ma magana ta uku wadda mu Hausawa ba mu cika son ji ba: zango ba namu ba ne mu kaɗai. Akwai Mosawa, Wangarawa, Zabarmawa, Fulani, Kotokoli, Dagwamba, kowa da harshen kakanninsa. In muka tsaya muka ce "harshenmu", za su ji kamar sarauta muke nema a kansu. Hujjar da za ta tsaya ita ce ta yaro: wane harshe ne mafi yawan yaran ajin nan ke ji ranar da suka fara zuwa? A makarantu da yawa na zango amsar Hausa ce, ko yaron Bamoshe ne ko Bazabarme.

To me wakili zai iya? A nan ma sai mu yi hattara. Duk wanda ya tsaya ya ce in an zaɓe shi zai sa a koyar da Hausa a makaranta, ko bai san kujerar ba, ko yana yi mana romon baka. Kwamiti ba ya rubuta manhaja, ba ya ƙara harshe a jerin gwamnati. Amma yana iya ƙirga yaran aji ɗaya ya rubuta harshen da kowa ke ji, ya kai wa ofishin ilimi na gunduma a takarda. Yana iya roƙon shugaban makaranta ya sa malamin da ke jin Hausa a ƙananan azuzuwa maimakon aji shida. Yana iya tsayawa a daina dukan yaro ko cin tararsa don ya yi Hausa a filin wasa. Kuma in wakilan makarantu ashirin suka kai takarda iri ɗaya, ta zama magana. Sashen ilimin Musulunci da aka kafa a 1987 bai faɗo daga sama ba, haka ma shigar Larabci cikin jarrabawar BECE a 2024. Mutane ne suka yi ta naci shekara da shekaru. Wa ya yi wa Hausa irin wannan naci?

Akwai sauran tambayoyi, ba shakka: yadda za a daidaita lokacin tashi da makarantar allo ta yamma, da ranar Juma'a, da 'yan matan da ke ɓacewa daga aji in sun kai shekarun talla. Tun da aka fara babbar sakandare kyauta a 2017 hankalinmu ya koma can, muna murna da kuɗin da muka huta biya. Amma yaron da ya kai aji huɗu bai iya karanta layi ɗaya ba, kyautar ba za ta same shi ba.

Ban ce a wulaƙanta manya ba. A ba Alhaji shugabancin taron saukar karatu, a sa shi gaba ranar rabon kyaututtuka, ya cancanta. Amma kujerar kwamiti aiki ce ta mai zuwa makaranta da safe ba tare da sanarwa ba, mai iya duba rajistar malamai, wanda ɗansa ke zaune a kan bencin da ya karye. Na tambayi shugaban makarantar ko akwai dokar da ta hana mai koko tsayawa takara. Ya ce babu. Na je na faɗa mata a bakin tukunyarta, ta ce ita ba ta jin Turanci sosai, yaya za ta yi a zaman kwamiti? Na ce mata 'ya'yanta uku ma da haka suke zama a aji kullum. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni yaushe wa'adin Alhaji zai ƙare.