Ɓarawon da ya ɓuya cikin mangala



Ran Lahadin da ta wuce na je Sarkin Yamma gaida kawuna. Da hantsi sai na ji ya ce wa jikansa: «Shirya jaki.» Kalma biyu ke nan. Yaro ya shayar da dabba, ya ɗora akumari, ya aza mangala, ya loda zogalen da za a kai kasuwar Maraɗi. Kawu bai ko waiwaya ba, domin ya daɗe da yarda da abin da kalmomin nan biyu ke haifarwa. Ni kuwa sai na tuna da wani al'amari da ya faru a 2024, wanda saura ƙiris ya buɗe wa ɓarayi ƙofar manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa na duniya.

Manhaja, wato abin da ake kira logiciel da faransanci, mutum ne ke rubuta ta, amma na'ura ba ta aiki da rubutun sai an juya shi an harhaɗa. Harhaɗawar nan matakai ne barkatai: a duba wace irin na'ura ce, waɗanne kayan aiki gare ta, me za a fara, me zai biyo baya. Don kada a riƙa maimaita su kullum, masu sana'ar suka ƙirƙiro gajerun umarni da ake ce wa makuro, kowane ɗaya yana tsaye a madadin dogon aiki, daidai da «shirya jaki» na kawu. Yaren m4 da ake rubuta da yawansu tun 1977 yake, tsarin Autoconf mai amfani da su kuwa tun 1991. Shekara kan shekara suna taruwa. Wannan an rubuta shi saboda wata na'urar da aka daina ƙerawa, wancan an kwafo shi daga maƙwabta, kuma ba mai ƙarfin halin cire ko ɗaya, don ba wanda ya san abin da zai rushe. Duk ɗan kasuwar da ya gaji magaza daga mahaifinsa ya san irin lungun nan da ba a taɓa kwashe buhunan da ke ciki ba.

To, akwai wata ƙaramar manhaja mai suna xz, aikinta matse takardun na'ura su rage girma. Kusan duk na'urar da ke aiki da tsarin Linux tana ɗauke da ita, kuma a kan Linux ne mafi yawan manyan rumbunan intanet ke tafiya. Mutum ɗaya ne ke kula da ita shekara da shekaru, Lasse Collin na ƙasar Finlan, ba albashi ba lada. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya ɓullo yana kawo gyare-gyare masu kyau. A 2022 wasu baƙin sunaye suka matsa wa Collin da gunaguni cewa aiki ba ya sauri, ya nemi mataimaki. Sannu a hankali Jia Tan ya samu makulli.

Shekara biyu da ɗoriya yana aiki kamar yaron kirki. Sai a fitowar xz mai lamba 5.6.0, ran 24 ga Fabrairu 2024, da 5.6.1 ran 9 ga Maris, ya dasa tarkonsa. Bai sa shi cikin ainihin rubutun manhajar ba, inda idanu ke kai. Ya ɓoye dafin cikin wasu takardun gwaji masu kama da tarkace, sannan ya sauya wani makuro mai suna build-to-host.m4, wanda aka saba kwafowa daga wani wuri ba tare da an karanta ba. Lokacin harhaɗawa makuron ne ke zaro dafin ya cusa shi cikin manhajar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wata dabararsa ta dabam: a cikin umarnin harhaɗawa ya ɗiga ɗigo ɗaya tak inda bai kamata ba, ɗigon nan kuma ya hana wani shingen tsaro kafuwa, shiru, ba ƙara ba gargaɗi. Ma'aikacin baitulmali da ya taɓa ganin waƙafi ya gusa a takardar kuɗi zai gane nauyin abin.

Manufar ita ce mai riƙe da wani makulli na asiri ya iya shiga na'urar daga nesa ya ba ta umarni yadda ya ga dama. Wani injiniya Bajamushe mai aiki da kamfanin Microsoft, Andres Freund, shi ya tona asirin, kuma ba farautar ɓarawo ya fita ba. Yana wani awo ne nasa sai ya lura ƙofar shiga na'urarsa tana jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, tana kuma cin ƙarfin inji fiye da ƙima. Da wani ne da ya ce zafi ne ko wutar lantarki. Shi ya bi sawu har gindin makuron, ya shelanta ran Juma'a 29 ga Maris 2024, muna tsakiyar azumi. A lokacin dafin ya shiga nau'o'in gwaji na Debian da Fedora, bai kai ga tabbatattun da ma'aikatu ke ɗorawa ba. Collin ya koma ya share ɓarnar, har da ɗigon, ya fitar da 5.6.2 a watan Mayu.

Wani zai ce ina ruwan Madarunfa da wannan. Ruwanmu kuwa har wuya. Kuɗin da ɗan kasuwa ke aikawa ta waya, da takardar kayan da ake fitarwa a duwan na Ɗan Isa, da albashin ma'aikaci, duk ta cikin na'ura suke bi yanzu, kuma manhajojin da ke ciki haka ake harhaɗa su, makuro bisa makuro. Ban ce an taɓa namu ba. Abin da ke damuna shi ne halinmu da aikin shara. Ran da aka kawo sababbin na'urori a biro akwai jawabi da hoto da lemo. Wanda zai zauna wata uku yana cire tsofaffin umarni ba ya da abin nuna wa minista, domin in ya yi aikinsa da kyau ba abin da zai canja a allo. Saboda haka ba a sa shi cikin kasafi.

A ganina duk ma'aikacin da zai sa hannu a kwangilar manhaja ya kamata ya tambayi ɗan kwangila wa ke riƙe da ainihin rubutun, ko wani dabam zai iya sake harhaɗa shi ya samu abu iri ɗaya, da kuma yaushe aka yi wa umarnin harhaɗawa bita ta ƙarshe. In ɗan kwangila ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, a karanta masa labarin ɗigon nan.

Da la'asar jaki ya dawo daga Maraɗi. Na ce wa kawu ko zai leƙa mangala, sai ya yi dariya ya ce jikansa ne fa.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.