Canjin Naira Da Sefa Sai Hannu Da Hannu

Waɗansu 'yan kasuwa mazauna Gyadi-Gyadi da Tarauni sun tambaye mu hukuncin ba da Naira a Kano, a karɓi Sefa a Maraɗi bayan mako guda. To, malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa canjin kuɗi sai hannu da hannu. Jinkiri a cikinsa riba ce wadda Allah Ya haramta. Amma malaman zamani sun ce shigar kuɗi asusunka kafin ku rabu daidai take da karɓa da hannu.

Ashe ke nan maganin yana hannun bankuna. Tun 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS don sauƙaƙa ciniki tsakanin maƙwabta, amma kuɗin bai-ɗaya ya gagara. A 2023 kuwa, bayan juyin mulkin Nijar, ƙungiyar ta dakatar da hulɗar kuɗi da ita har Fabrairun 2024. Wanda kuɗinsa ya maƙale a ƙetare ya ga illar jinkiri.

Saboda haka muna kira ga bankunan ƙasashen biyu, musamman marasa ruwa irin su Jaiz, da su shirya hanyar biya nan take. Allah Ya tsare mu da cin haram, amin.