A Ware Kuɗin Sa Ido Kan Manyan Motoci

Wannan jarida na goyon bayan a ware wa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da 'yan sandan hanya tallafi na musamman, wanda ba za a taɓa ba sai don sa ido kan tireloli, tankokin mai da motocin haya. Tun Fabrairun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Amma jami'in da ke tsaye cikin rana, ba motar sintiri mai lafiya, ba sikelin auna kaya, yana ji yana gani tirela za ta wuce maƙare da shanu, mutane zaune a samanta. Garin Majiya a Jihar Jigawa ya rasa mutum fiye da 150 a gobarar tankar mai a Oktoban 2024. Bayan wata uku, mahaɗar Dikko a Jihar Neja ta ga irin wannan masifa.

Ya kamata Majalisar Tarayya ta sanya kuɗin cikin kasafi. A sayi sikeli, na'urar gwajin maye da motocin janye waɗanda suka lalace a kan titi, a biya jami'ai alawus a kan kari, sannan duk wata uku a bayyana wa jama'a inda kowace naira ta shiga.