Hanyar Zuwa Kantar Banki Daga Achilafiya

Makon nan tambayar wata ƙanwarmu 'yar aji biyar a sakandare daga Roni muka ɗauko. Ta ce tana sha'awar aikin banki, amma a gida an ce mata abu biyu: wai aikin na 'ya'yan manya ne, kuma wai duk wanda ya shiga ciki ya shiga harkar kuɗin ruwa. Ta ce mu gaya mata gaskiya, ta ci gaba ko ta haƙura.

Ƙanwarmu, mu ma ɗalibai ne, ba mu taɓa zama a kujerar manaja ba. Amma mun ɗan taɓa kuɗin mutane da hannunmu, kuma daga nan za mu faro.

Kuna tune da farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo? Muna aji shida a lokacin. Yayanmu yana da rumfar POS a Achilafiya, mu kuma in an tashi makaranta sai mu je mu kama masa. Mutumin da bai taɓa sanin lambar asusunsa ba, dole ta sa ya haddace lambobin nan goma. Mai sayar da gero ya koma karɓar taransfa. Ga wanda ke ƙauyukanmu, zuwa reshen banki sai an hau mota zuwa Kazaure, a je a tarar da layi har bakin titi. Rumfar mai POS ta zama bankin gari.

A wannan rumfa muka yi kuskuren da har yau in mun tuna sai mun ji kunya. Wani mutum ya zo da yamma, ya nuna mana saƙo a wayarsa cewa ya tura naira dubu 18. Jama'a sun yi yawa, kowa yana ƙorafi, sai muka ƙirga muka miƙa masa ba tare da mun duba asusunmu ba. Da dare muna haɗa lissafi, ga giɓi. Kuɗin bai taɓa shigowa ba. Yayanmu bai yi faɗa sosai ba, sai dai ya sa muka rubuta a bangon littafin ciniki cewa abin da ya shigo asusu shi ne kuɗi, abin da ke wayar wani kuwa hoto ne. Ribar kwanaki da yawa ta tafi a minti ɗaya.

Mun kawo wannan labari ne domin shi ne ainihin aikin kashiya a banki. Daga waje ana ganin kwat da sanyin na'ura. Daga ciki kuwa ƙirga ne, da tantancewa, da sake ƙirgawa. Kashiya yana duba cewa mai cire kuɗi shi ne mai asusun, sa hannu ya yi daidai, lambar BVN mai lambobi 11 (wadda aka ɓullo da ita a 2014) ta dace da sunan. Idan aka rufe ƙofa, ba ya tafiya gida sai kuɗin da ke aljihun teburinsa ya yi daidai da abin da kwamfuta ta nuna. In an samu giɓi, galibi daga albashinsa ake cirewa. Wanda ba ya iya zama ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, ana yi masa tsawa a kanta yana murmushi, zai sha wuya.

To, ta ina ake shiga? Ƙofar farko tana cikin ajin da kuke zaune yanzu. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma dole a ciki akwai Turanci da Lissafi. Ku ƙara da darasin tattalin arziki, sannan kwamas ko akanta in makarantarku tana koyarwa. Mun san abokai da suka ci komai amma Lissafi ya ba su fas, suka yi shekara biyu suna sake zama. Mu faɗa muku a fili: duk wanda yake zamewa daga ajin Lissafi ya je ya zauna a gindin darbejiya, ya ajiye maganar banki tukuna.

Bayan sakandare hanya ta rabu. Akwai ta jami'a, digiri na shekara huɗu a fannin banki da hada-hadar kuɗi, ko akanta, ko tattalin arziki, kamar a Jami'ar Bayero ta Kano. Akwai ta kwalejin kimiyya da fasaha, wadda muke ganin ɗalibanmu suna raina ta ba gaira ba dalili. A can ana yin ƙaramar difloma shekara biyu, a fita aikin sanin makama na shekara guda, a dawo babbar difloma shekara biyu, sannan a tafi bautar ƙasa. Ga Kwalejin Hussaini Adamu ta tarayya a Kazaure a ƙofar gidanmu, ga ta jihar Kano, ga ta Kaduna. Kafin ku cike fom, ku buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB da kanku ku ga abin da kowace makaranta take bayarwa da darussan da ake haɗawa. Kada ku bar wa mai shagon intanet ya zaɓa muku makomarku saboda yana sauri ya karɓi na bayanku.

Shekarar nan ta sanin makama ita ce inda mai wayo yake cin riba. Bankuna da ƙananan bankunan al'umma suna ɗaukar masu ƙaramar difloma a kanta da teburin sauraron abokan ciniki. Sai dai akwai abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba. Da yawa daga cikin matasan da kuke gani a kanta ba ma'aikatan bankin ba ne kai tsaye. Wani kamfani ne ya ɗauke su kwantiragi ya turo su, albashinsu bai kai na cikakken ma'aikaci ba, ƙarin girma kuma sai an yi da gaske. Masu fita neman abokan ciniki su ma ana ɗora musu adadin kuɗin ajiya da za su kawo, wanda bai kawo ba ya ga fuska a murtuke. A ganinmu wannan mataki ne na koyo, a taka shi a wuce, kada a shimfiɗa tabarma a kansa. Shi ya sa duk wanda ya samu, ya ci gaba da karatu.

Nan ne jarrabawar ƙwararru take shigowa. Cibiyar akantoci ta ICAN tana da tsarin da ake kira ATSWA, mai matakai uku, wanda ake iya farawa da takardar sakandare kawai in kiredit ɗin sun cika. Mutum yana makaranta yana rubutawa. Ma'aikatan banki su ma suna da cibiyarsu, CIBN, wadda take shirya jarrabawar zama ƙwararren ma'aikacin banki, har da shiri na musamman ga masu aiki a ƙananan bankuna. Akwai kuɗin rajista da na littattafai, don haka a fara maganar da iyaye da wuri. Kuma a koyi kwamfuta sosai, musamman Excel. Kazaure ta daɗe da suna wajen koyar da ilimin kwamfuta, abin kunya ne ɗan yankin nan ya je ganawar neman aiki bai iya haɗa jimla a allon kwamfuta ba.

Wani abu kuma shi ne shekaru. Tallan ɗaukar sababbin ma'aikata a bankuna yakan zo da iyaka, sau da yawa kada mai nema ya wuce 26 ko 27. Idan ka gama sakandare kana 19, ka ɓata biyu wajen gyaran takarda, ka yi huɗu ko biyar a makaranta, ka ƙara ta bautar ƙasa, ka ga har ka iso bakin iyaka, ba a ma sa yajin aiki a lissafi ba. Wasu sukan je su rage shekaru da takardar rantsuwa. Kada ku fara. Shekarar haihuwarku tana nan a rajistar NIN da BVN da ta WAEC, kuma wurin da ake neman amana ba a shiga da ƙarya.

Sai maganar kuɗin ruwa, wadda ita ce ta fi damun iyayen ƙanwarmu, kuma damuwarsu tana da tushe. Ba mu isa mu ba da fatawa ba, wannan sai malamai. Abin da za mu iya faɗa shi ne yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, da lasisin Babban Banki. Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kano da Kaduna. TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021. Maimakon su ba ka rance da ruwa, sai su sayi kayan da kake so, a ce injin ban ruwa, su sayar maka da ribar da aka sani tun farko kana biya kaɗan-kaɗan, wato murabaha. Ko su sayi abu su ba ka haya, wato ijara. Jami'ar Bayero ma tana da cibiya guda ta nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta tsarin Musulunci. Ɗalibin da ya fito daga Islamiyya da sanin babin ciniki a fiƙihu, ya haɗa da Lissafi, yana da abin da wani ba shi da shi. Ƙanwarmu, ki kai wa Baba wannan bayani cikin ladabi, ki roƙe shi ya tambayi malamin da ya yarda da shi.

Batun 'ya'yan manya kuwa, ba za mu ce sanayya ba ta aiki a ƙasar nan ba. Amma bankuna da yawa suna fara tace masu nema da jarrabawar kwamfuta ta lissafi da Turanci da kaifin tunani, ita kuwa ba ta san ɗan wane ba. Ku dai kula da masu turo saƙo a WhatsApp cewa a biya kuɗi a samu gurbi. Banki ba ya sayar da takardar kama aiki.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Ku sayi littafi mai shafi 40, ku roƙi wani mai sana'a a gidanku, ko Inna mai ƙuli-ƙuli ce, ya bari ku riƙe masa lissafi na kwana bakwai: abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama, bashi a shafinsa daban. Kowane dare ku ƙirga kuɗin hannu ku gwada da rubutun. Wanda nasa ya daidaita kwana bakwai a jere ya rubuto mana, wanda ya samu giɓi ma ya rubuto ya gaya mana inda ya gano shi.